Kofur Haruna Mai Furfura

Ban taɓa mantawa da Talatar nan da muka saka wa tela kaki ba. Tunda kun matsa sai kun ji daga bakina, to ku zauna ku ji shi daidai, don abin da ake yawo da shi a barikin nan rabinsa ƙari ne. Wasu har cewa suke mutum uku muka shigo da su. Mutum ɗaya ne, kuma shi ɗin ma ya ishe mu.

Farkon daminar 1974 ne. Lokacin ina kofur a ƙungiyar badujala ta hukumarmu a nan Kaduna. Ga waɗanda ba 'yan gida ba, badujala ita ce ƙungiyar makaɗa da mabusa masu kaki da kuke gani a gaban fareti. Ni ne mai ƙaramar ganga, kuma makullin ɗakin ajiyar kayan kiɗa yana hannuna. Shugaban ƙungiya, wanda muke kira Banmasta, shi ne Sufeto Yakubu. A ƙarƙashinsa akwai Samanja Ɗanladi, wanda ke kula da horo da tsabtar kaki, shi ne kuma mai busa tuba, ƙaton ƙahon tagullan nan da ake rungumewa kamar tulu.

Sufeto Yakubu bai daɗe da dawowa daga kwas a Ingila ba. Ya dawo da siririyar sanda a cikin kube, da wata kalma da ba ta barin bakinsa: okestira. Ranar da ya fara tara mu a gaban allo ya ce okestira unguwa ce mai gida huɗu. Akwai gidan masu tsirkiya, akwai masu busa kayan itace irin su sarewa da kilarinet, akwai masu busa tagulla, sai mu masu ganga can ƙarshen layi. Ya ce a ƙasar Turawa abin ya faro ne da 'yan masu tsirkiya kaɗan da ke yi wa attajirai kiɗa a falo. A hankali aka jawo masu sarewa, daga baya aka shigo da ƙahon mafarauta da gangar sojoji, har taron ya yi yawan da sai an tsayar da mutum ɗaya a gaba da sanda, don kada kowa ya kama gabansa.

“Wato ku da kuke ganin ku ne kiɗa,” in ji shi, “baƙi ne. Masu gida su ne masu tsirkiya.”

Samanja Ɗanladi ya yi kwana biyu yana busa tubarsa da fushi.

Sufeto ya yi ta rubuta wasiƙa hedikwata har aka gaji aka aiko mana da biyolin huɗu, wato gogen Turawa, da wani ƙato ɗaya da ake jingina wa a ƙasa, wanda muka raɗa wa suna uwar goge. Ni na karɓe su, na sa hannu, na jera a ɗakin ajiya. Matsalar ita ce duk cikinmu ba wanda ya iya, sai Sufeto da kansa. Sai ya zaɓi Kofur Haruna, mai busa kilarinet, matashi mai kunne, ya yi wata shida yana koya masa. Da Haruna ya iya kiɗa guda biyu ba tare da karnukan bariki sun amsa ba, Sufeto ya rubuta a rahoton wata uku cewa an kafa sashen tsirkiya. Sashen nan duka Haruna ne.

Ana nan sai takarda ta zo daga ma'aikatar da muke ƙarƙashinta. An ce ƙungiyoyin badujala biyu sun yi wa hukuma yawa, za a rushe ɗaya, a rarraba mutanenta zuwa ƙananan ofisoshi na nesa su koma aikin gadi. Za a turo babban jami'i ya duba kowace ƙungiya, rahotonsa ne zai yanke hukunci. Ɗaya ƙungiyar ta fi mu daɗewa, ta fi mu yawa. Abin da kawai muka fi su shi ne sashen tsirkiya.

Ku gane, ba wasa ba ne a wurina. Mahaifiyata tana hannuna a Unguwar Shanu, ƙafa ta hana ta sakat, duk mako sai na kai ta asibiti. In aka jefa ni wani ƙauye a bakin iyaka, ban san yadda zan yi da ita ba. Kusan kowa a cikinmu yana da irin nasa. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana busa ƙaho, a ce ya je ya tsaya bakin ƙofa yana ɗaga sanda, ai an gama da shi.

Saura kwana tara a zo dubawa, Haruna yana gangarowa kan kekensa ya yi karo da akuya. Akuyar ta tashi ta kaɗe jiki ta yi gaba. Haruna ya karye a wuyan hannun hagu, hannun da ake danna tsirkiya da shi.

Sufeto ba zai iya riƙe sanda ya riƙe goge lokaci ɗaya ba, kuma rahoton ya ce an horar da ma'aikaci, bai ce Banmasta ya iya ba. Da rana tsaka na same shi a ofis shi da Samanja, sun zuba wa bango ido. Na sara na ce, “Yallaɓai, na san wani mutum.”

Na ba su labarin Malam Labbo, telan da ke ɗinka mini kaftani a layin teloli na Babbar Kasuwa. Basakkwace ne, gidansa na Rafin Guza. A ƙuruciyarsa kiɗan goge ya yi, ya zaga garuruwa da shi, daga baya ya ajiye ya kama keken ɗinki. Na taɓa jin ya taɓa gogen sau ɗaya a bikin ɗan'uwansa, har yau in na tuna tsigar jikina tashi take. Na ce in an ba shi kakin Haruna, aka ɓoye shi a layin baya, wa zai sani?

Samanja ya zaro ido. Sufeto ya daɗe yana juya sandarsa a hannu, sannan ya ce, “Kofur Sani, tun da na dawo daga Ingila kunnena na hagu ba ya ji sosai. Ban ji abin da ka ce ba.” Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya juyo. “Daga ƙarfe huɗu zuwa shida ba kowa a ɗakin atisaye. Ni ma ban san abin da ya sa na gaya maka ba.”

Washegari na ɗauki biyolin ɗaya a cikin akwatinsa na nufi kasuwa. Ina shiga layin teloli da kaki da dogon baƙin akwati, sai na ga kekunan ɗinki suna tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce bindiga ce. Kafin in kai rumfar Malam Labbo, maƙwabcinsa ya tuna yana da saƙo a layin 'yan atamfa.

Na buɗe akwatin. Malam Labbo ya ajiye almakashi, ya goge hannu a rigarsa, ya ɗaga abin ya juya shi gaba da baya, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa bayansa da farce.

“Wanga ba ƙoƙo ba ne, ba fatar guza. Katako zalla. To ina murya za ta hito?” Ya ƙirga tsirkiyoyin da yatsa. “Huɗu! Bature akwai tsoro. Mu guda ɗaya muka ɗaurawa, in ta tsinke mu ce Allah ya kawo ƙarshen biki.”

Ya karɓi izgar, wato sandar gogawa, ya shafa mata ƙaro, ya kwantar da biyolin a gefen cikinsa yadda ake riƙe goge, ya ja sau ɗaya. Ya sake ja, a hankali. Na ga fuskarsa ta canja, kamar mutumin da ya ji muryar wani nasa a cikin taro. Daga nan na san na samu. Na zayyana masa komai, ban ɓoye ba, har da cewa in asiri ya tonu za a iya kulle mu duka.

“Ni hwa na bar kiɗi,” in ji shi. “Uwargida ta sa na yi alkawali.” Bai ajiye biyolin ba. “Amma alkawalin goge munka yi. Wanga ba goge ba ne, kai da bakinka ka ce katako ne.”

Ni ban ce ba, shi ya ce. Amma ban gyara masa ba.

Kwana bakwai muka yi muna atisaye, kuma ban taɓa shan wahala da dariya a haɗe irin ta makon nan ba. Kiɗan da Sufeto ya zaɓa wani sanyayyen kiɗan Turawa ne mai taku uku, inda masu busa za su fara, sannan biyolin ya shigo shi kaɗai ya ɗauki karin. Sufeto, wanda bai ji komai ba kuma bai san komai ba, kullum ƙarfe huɗu da minti biyar sai ya faɗo ɗakin neman wata takarda da ya manta, ya kwashe awa biyu yana nemanta.

Ya ajiye wa Malam Labbo takardar kiɗa a gabansa. Malam Labbo ya dube ta ya ce ƙudaje ne suka hau igiyar shanya. Sufeto ya kaɗa masa karin sau biyu. A na uku Malam Labbo ya mayar masa da shi cif, a kan tsirkiya ɗaya tak, har da wasu 'yan lanƙwashe-lanƙwashe da ba su cikin takarda.

“Malam, cire kwalliyar nan,” in ji Sufeto.

“Haka za a bar shi tsirara?”

“Haka mai shi ya rubuta.”

“Allah shi jiƙan mai shi, bai da mata ne?”

Da sauran 'yan ƙungiya suka shigo, sai sabuwar rigima. Malam Labbo ya dakata a tsakiya ya ce ba zai iya ba, kowa na busa abin da ya ga dama. Sufeto ya bayyana masa cewa da gangan ne: kari ɗaya ne ke tafiya a sama, sauran muryoyin suna tallafe da shi daga ƙasa, kowa da tasa hanya amma ba mai taka wani, wannan shi ake kira jituwa. Ya sa tuba da kilarinet da ƙaho suka riƙe sauti uku daban-daban lokaci ɗaya. Malam Labbo ya rufe ido ya saurara, ya gyaɗa kai ya ce, “To, na gane. Shahi da ciki da ado. Riga ɗaya ce.” Tun daga ranar bai sake ƙorafin wannan ba.

Abin da ya ƙi shiga kansa shi ne shiru. A takarda, biyolin zai jira gaɓa goma sha shida kafin ya shigo, kowace gaɓa bugu uku. Malam Labbo ba ya iya jira. Da ya ji kiɗa ya yi daɗi sai ya faɗo ciki.

“An ɗauko ni kiɗi ko an ɗauko ni zama?”

“Shirun ma kiɗa ne, Malam,” in ji Sufeto.

“To ku ba wani shi kaɗa shi.”

Kuma sam ba ya kallon sandar Banmasta. Ya taɓa jawo ni gefe ya tambaye ni a hankali, “Wai shi wanga mai sanda, mi shike kaɗawa?” A ƙarshe muka shirya ni da shi: zan ƙirga masa gaɓoɓin, in lokaci ya yi in ƙwanƙwasa bakin gangata sau biyu. Ganga kam yana jin maganarta.

Saura kaki. Haruna siriri ne, Malam Labbo kuwa ya ajiye tumbi. Na kai masa kayan Rafin Guza, ya ɗaga wandon ya duba ɗinkin ya yi tsaki, ya ce wanda ya ɗinka wannan ko buhun gero bai kamata a ba shi ba. Ya farke ya sake ɗinkewa. Ranar dubawa duk barikin ba wanda kaki ya zauna wa kamarsa, har da Kwamanda. Gemu ne aka sha daga. Samanja ya ce sai an aske, Malam Labbo ya ce sai dai a rushe ƙungiyar. Aka daidaita a kan a rage shi, a ja hula ƙasa, a zaunar da shi bayan tuba.

Ga yadda ake dubawa a wancan lokaci. Da farko a yi layi, jami'i ya bi mutum ɗaya-ɗaya da rajistar sunaye a hannu. Sannan ya shiga ɗakin ajiya ya ga kayan da idonsa. Daga ƙarshe a yi masa kiɗa. Ƙarfe goma daidai mota ta tsaya. Wanda ya fito shi ne Alhaji Isiyaku, mataimakin sakatare a ma'aikatar, dogo, farar babbar riga, tabarau a kan hanci, fuska ba alamar wasa. An ce ko gaisuwa ba ya amsawa sai ya gama karanta fayil. Kwamandanmu yana biye da shi kamar mai tsaron lafiyarsa.

Muka ƙame. Ya fara bin layi yana kiran suna. Da ya zo ƙarshe ya karanta, “Kofur Haruna. Shekara ashirin da huɗu.”

Malam Labbo ya sara da hannun hagu ya ce, “Ranka shi daɗe.”

Alhaji ya ɗago. Ya dubi furfurar da ke leƙowa ta ƙarƙashin hula, ya dubi tumbin, ya koma kan rajista.

“Aikin yana da wuya, ranka ya daɗe,” in ji Samanja, idonsa na kallon sama. “Yana tsufar da mutum.”

Alhaji ya yi wata 'yar alama a gefen sunan da jan biro ya wuce. Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne Malam Labbo, don na ga yana bin bayan Alhaji da kallo, kansa a karkace, bakinsa na motsi kamar mai neman wani suna da ya ɓace masa.

Aka shiga ɗakin atisaye. Aka ajiye wa Alhaji da Kwamanda kujeru a gaba. Sufeto ya ɗaga sanda, masu busa suka fara. Na ƙirga gaɓa goma sha shida, na ƙwanƙwasa sau biyu. Malam Labbo ya miƙe, biyolin a ƙarƙashin haɓa yadda aka koya masa, ya shigo daidai. Wallahi ya kaɗa shi tsaf, tsirara yadda mai shi ya rubuta. Na ga kafaɗun Sufeto sun sauka. Saura gaɓa huɗu a gama.

Sai Malam Labbo ya zame biyolin daga haɓarsa zuwa gefen ciki.

Abin da ya fito ba na Turawa ba ne. Wani take ne mai zafi, mai juyi, irin wanda masu goge ke yi wa gwanin rawa don su kira shi fili. Masu busa suka ruɗe, suka yi ta zubewa ɗaya-ɗaya har ya rage shi kaɗai. Sufeto ya daskare da sanda a sama. Kwamanda ya fara kumbura.

Ni kuwa ina da zaɓi biyu. Ko in yi shiru a ga ɓarna ƙiri-ƙiri, ko in bi shi a ɗauka shiri ne. Gaskiya ban yi wannan dogon tunani ba a lokacin, hannuna ne ya riga ni. Na juya sanduna kan bakin ganga na shiga ba shi amsa irin ta masu ƙwarya. Da mai babbar ganga ya ji ni, sai ya shigo. Samanja Ɗanladi, mutumin horo da doka, ya rungumi tubarsa ya sa mana gindi. Masu kilarinet suka lalubo karin da kunne suka bi. Da Sufeto ya ga jirgin ya tashi ba shi, sai ya shiga kaɗa sanda da ƙarfi, yana nuna wannan yana nuna wancan, kamar shi ya tsara komai tun daga Ingila.

Na saci kallon Alhaji. Fuskarsa tana nan yadda take, ido a kan fayil. Amma a ƙarƙashin babbar rigar, ƙafarsa ta dama tana aiki. Ba bugun taku kawai ba, wanda kowa ke yi. Dunduniya ce ke juyawa, yatsu na bi, daidai inda taken ke karyawa. Can sai kafaɗa ɗaya ta motsa. Ya kama ta da hannu kamar sauro ya cije shi.

Da aka tsaya, Alhaji ya cire tabarau ya goge.

“Banmasta, mene ne sunan wannan na ƙarshe?”

“Gwaji ne, ranka ya daɗe. Haɗin gida da waje.”

“Haka ne.” Ya mayar da tabarau. “Ina so in sake ganin ɗakin ajiya. Mai makulli ya zo. Kofur Haruna ma ya zo da abin kiɗansa.”

Muka shiga mu uku. Ya ce in rufe ƙofa. Na rufe, na ƙame a jikinta ina karanta duk addu'ar da na iya. Alhaji ya tsaya gaban Malam Labbo ya daɗe yana kallonsa.

“Labbo. Ashe kana raye?”

“Isiya Mazari!” in ji Malam Labbo, ya washe baki. “Tun a layi nike cewa na san wagga tahiya. Sai da ka zauna ka miƙe ƙahwa na tabbata.”

“Rufe mini baki!” Alhaji ya waiga ƙofa. Sai dariya ta ƙwace masa, ya toshe baki da hannun riga, ya zauna a kan akwatin uwar goge yana share hawaye.

A nan na ji labarin. Shekaru ashirin da wani abu baya, Alhaji yana ƙaramin akawun auduga a Gusau, ba a yi gwanin rawar goge kamarsa ba. In ya shiga fili yana juyi sai ka ce mazari, shi ya sa sunan ya bi shi. Taken nan Malam Labbo ne ya ƙirƙira masa, nasa ne shi kaɗai.

“Labbo, ina da surukai a garin nan. 'Ya'yana ba su san wannan suna ba.”

“Ai ni ban san kowa ba, ranka shi daɗe. Ni Kofur Haruna nike, shekara ashirin da huɗu.”

Na ɗauka shi ke nan mun tsira, har na fara sakin jiki. Sai Alhaji ya miƙe, ya gyara riga, fuskar ofis ta dawo. Ya juyo kaina.

“Kai ne ka kitsa wannan?”

“Ni ne, ranka ya daɗe.”

“Me ya sa?”

Na gaya masa komai: akuya, hannun Haruna, mahaifiyata, mutanen da za a watsa. Ya saurara har ƙarshe.

“Ka ji da kyau, Kofur. In kana tsammanin saboda tsohon take zan sa hannu a kan ƙarya, ba ka san ni ba. Ko Labbo ya je kasuwa ya yi shela, abin da na gani shi zan rubuta.”

“Ni ba shela na zo yi ba,” in ji Malam Labbo, a karo na farko ba dariya a muryarsa. “Na gan ka ne hannuna ya tuna.”

Alhaji ya dafa kafaɗarsa, ya fita.

Mako uku muna jira, kowa na cin abinci ba ya jin ɗanɗano. Da rahoton ya fito, Sufeto ya tara mu ya karanta mana. Alhaji bai ɓoye komai ba. Ya rubuta cewa sashen tsirkiya mutum ɗaya ne, kuma yana jinya. Ya rubuta cewa an shigo da farar hula cikin kakin hukuma, a hukunta masu hannu. Sannan ya rubuta cewa ya ga ƙungiyar da kiɗa ya kuɓuce mata a gaban baƙo, ta kamo shi da kunne cikin ƙiftawar ido ba tare da takarda ba, kuma a ganinsa irin wannan ba a rushe ta. Ya ba da shawara a haɗe ƙungiyoyin biyu a nan Kaduna maimakon a watsa ɗaya, a kuma ɗauki wani farar hula, Malam Labbo, ya riƙa zuwa koyar da tsirkiya.

Hukunci kuwa ya zo. An ba Sufeto takardar neman bahasi, ya amsa da shafi huɗu, uku daga ciki tarihin okestira ne. Samanja ya sha gargaɗi. Ni aka gurfanar da ni gaban Kwamanda, aka ba ni gadin ƙofa na kwana goma sha huɗu, igiyar saje da nake sa rai kuma ta yi jinkirin shekara guda. Ban ji daɗi ba, kada in yi muku ƙarya. Amma a Kaduna na yi gadin, kuma kowace Laraba na kai tsohuwa asibiti.

Malam Labbo ya shekara uku yana zuwa duk Alhamis, cikin kaftaninsa. Shi yana koyar da hannu da kunne, Sufeto yana koyar da takarda, kullum suna musu, kuma a tsakanin musun nan mutum biyar suka iya. Okestira irin wadda Sufeto ke mafarki ba mu taɓa kaiwa ba. Amma layin masu tsirkiyar da kuke zama a kai yau, daga nan ya faro.

Abin da na koya, ku riƙe. Ku iya karatun takarda, don ita ce ke sa mutum talatin su shigo lokaci ɗaya su fita lokaci ɗaya. Amma kada ku bar kunnenku ya mutu, don ranar da abu ya ɓaci, takarda ba ta juyowa ta cece ka, na kusa da kai za ka saurara. Kada kuma ku saka wa kowa kakin da ba nasa ba, na riga na yi muku wannan gadin. Sai na ƙarshe, wanda ba a koyarwa a kwas. Na yi shekara ashirin bayan haka ina kiɗa a gaban manya, masu fuska kamar an aiko musu da sammaci. Ban ƙara jin tsoron ɗayansu ba. In kuna so ku san ko kiɗanku ya shiga, ku bar fuskar babban baƙo, wannan ta ofis ce. Ku dubi ƙarƙashin kujera.